Wace Rana Aka Sake Haihuwar Gwaggo?

Watanni biyu da suka wuce muna zaman makokin gwaggona a ƙauyenmu, can ƙasar Malumfashi. Maza muna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, 'yan Zumuntar Mata suna ciki suna kaɗa tulu suna waƙa. Sai ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'a a Zariya, ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Kawu, don Allah kada ranka ya ɓaci. Kaka dai bon-agen ce kuwa? Na taɓa tambayarta ranar da ta karɓi Yesu, ta ce ita ba ta san rana ba."

Bon-agen ɗin nan daga Turanci yake, "born again", wato wanda aka sake haihuwarsa. Raina kuwa ya ɓaci. Na ce masa, "Ɗana, bari a tashi daga makoki tukuna." Yaron ba shi da mugun nufi, tsoro ne ya kama shi saboda yana ƙaunar kakarsa. Amma tambayar ta bi ni har gida, domin na san ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Haka aka koya masa, haka kuma ake koya wa dubban yaranmu: wanda ba zai iya faɗin rana da wuri da sunan mai wa'azin da ya kira shi gaba ba, to, cetonsa da alamar tambaya.

Ni ra'ayina shi ne, mun ɗauki magana mafi zurfi a bangaskiyarmu mun mayar da ita takarda mai kwanan wata. Sabuwar haihuwa aikin Allah ne a cikin mutum, kuma hanyar da mu 'yan Adam muke iya ganinta ita ce sauyin hali. Wani ya san ranarsa, wani bai sani ba, kuma rashin sanin bai rage wa na biyun komai ba.

Abin da ya faru a daren nan

Ga mai karatu da ba Kirista ba, tushen maganar yana cikin Bisharar Yohanna sura 3. Wani babban malamin Yahudawa mai suna Nikodimu, Bafarisiye kuma ɗan majalisa, ya je wurin Yesu da dare. Yesu ya gaya masa cewa in ba an sake haihuwar mutum ba, ba zai ga Mulkin Allah ba. Dattijo ya ruɗe, ya tambaya ko tsoho zai iya komawa cikin uwarsa. Ba ana nufin mutum ya mutu ya dawo duniya a wani jiki ba ne, kamar yadda wasu ke faɗa game da ɗan wabi. Yesu ya bayyana cewa haihuwa ce ta ruwa da Ruhu.

Da Helenanci aka rubuta wannan Bishara, kuma kalmar da aka yi amfani da ita, wato "anoten", tana da fuska biyu: tana nufin "sake", tana kuma nufin "daga sama". A sura 19, inda Yesu ya gaya wa Bilatus, gwamnan Romawa, cewa ikonsa daga sama aka ba shi, kalmar ce dai. Nikodimu ya kama fuska ɗaya ya saki ɗayar, mu ma yau abin da muke yi ke nan. Mun riƙe "sake" muna ƙirga ta a kalanda, mun manta da "daga sama".

Hausa ma ta taimake mu a nan in da muna saurare. Akwai ranar da wasu matasa masu wa'azi suka shiga gidan Gwaggo, ɗaya ya ce, "Mama, kin sake haihuwa?" Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ni da na tsufa, wace haihuwa kuma? Autana ma ya yi furfura." Tana da gaskiya. "Ta sake haihuwa" na nufin ta sami wani jariri. Daidai maganar ita ce "an sake haihuwarta", ko kamar yadda tsofaffinmu ke cewa, "an maya haihuwarta". Wanda aka haifa ba shi ke yin aikin ba. Babu jaririn da ya taɓa cika fam ya nemi a haife shi, ko ya duba agogo lokacin da ya faɗo.

Amma ai Bulus ya san ranarsa

Da muka zauna da ɗan ƙanwata bayan kwana uku, wannan ce hujjarsa ta farko. Manzo Bulus yana kan hanyar Dimashƙu haske ya kā da shi, ya makance kwana uku. John Wesley, wanda ɗarikar Methodist ta samo asali daga gare shi, ya rubuta cewa ranar 24 ga Mayu 1738, wajen ƙarfe tara saura kwata na dare, a wani taro a unguwar Aldersgate a Landan, ya ji zuciyarsa ta ɗumama. Har minti ya riƙe.

Na yarda. Irin wannan na faruwa, kuma na ga ya faru da idona. Na san mashayin da ya shiga taron falkaswa, wato wa'azin kira ga tuba, yana tangaɗi, ya fita yana kuka, bai ƙara kai kwalba baki ba har ya mutu. Wanda ya musa irin wannan bai zauna cikin ikilisiya ba.

Sai dai Littafi Mai Tsarki bai ba mu Bulus kaɗai ba. Ga Timoti, yaron Bulus ɗin da kansa. Bulus ya ce bangaskiyar da ke cikinsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, kuma tun yana ɗan ƙanƙane ya san Littattafai. Ina hasken da ya kā da Timoti? Ga Bitrus, almajirin Yesu. Wace rana ce tasa? Ranar da ya bar taru a bakin teku, ko ranar da ya shaida cewa Yesu ne Almasihu, ko daren da ya yi musun saninsa sau uku ya fita yana kuka, ko ranar Fentikos da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai? Malaman tauhidi sun daɗe suna ja-in-ja a kai.

Nikodimu ɗin ma da ake kafa hujja da shi, babu inda aka ce ya durƙusa ya yi addu'ar tuba a daren. Ya tafi da tambayarsa a baki. Sai a sura 7 muka sake jin sa, yana ɗan kare Yesu a gaban 'yan'uwansa na majalisa, cikin taka-tsantsan, har suka yi masa ba'a ko shi ma mutumin Galili ne kamar Yesu. Sai kuma sura 19, bayan an gicciye Yesu, almajirai sun watse, ga dattijon nan ya fito da kayan ƙamshi, mur da al'ul, fiye da kilo 30 don a yi wa gawar sutura. Mutumin da ya fara zuwa a ɓoye cikin duhu ya ƙare yana ɗaukar gawar wanda hukuma ta kashe. A wace sura aka sake haihuwarsa? Yohanna bai faɗa ba, kuma ina ganin da gangan ya yi shiru.

Mu mutanen karkara bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Gwaggo ba ta san shekarar haihuwarta ta jiki ba ma. In ka tambaye ta sai ta ce an haife ta da kaka, shekarar da fara ta ci gero. Babu wanda ya taɓa cewa tunda ba ta da takardar haihuwa, to ba a haife ta ba. Muna ganinta tana numfashi, tana daka, tana faɗa. A ɗaya gefen kuma, kowa ya san yadda ake zuwa kotu a yi takardar rantsuwar shekaru, mai hamsin ya fito da takardar talatin da biyar, da tambari da sa hannu. Takarda tana iya ƙarya, numfashi kuwa ba ya yi.

A Markus sura 4 Yesu ya ba da misalin manomin da ya watsa iri, yana kwana yana tashi, irin ya tsiro ya girma, shi kuwa bai san ta yaya ba. Duk wanda ya taɓa shuka dawa ya san haka. Ka je gona da yamma babu komai, ka dawo bayan kwana huɗu ka tarar layi ya yi kore. Wane dare ne ƙwayar ta fashe a ƙarƙashin ƙasa? Ba ka nan.

Inda yaron yake da gaskiya

Ba zan zalunce shi ba. Abin da ya sa masu wa'azinsa suke matsa wa mutane lamba a kan rana, akwai ciwo na gaske a bayansa, wato Kiristancin gado. Kakanninmu sun bar tsafi sun shiga ikilisiya da tsada, wasu an kore su daga gida, wasu an hana su mata. Mu jikoki mun tashi mun tarar da abin a shimfiɗe kamar gonar gado. Sunanka Bitrus ko Rifkatu, kana cikin ƙungiyar mawaƙa, babanka dattijon ikilisiya ne, shi ke nan ka ɗauka ka gama da Allah.

Nikodimu irin wannan mutumin ne. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Malami ne ɗan asali, mai kiyaye doka. Shi aka gaya wa "dole". Yohanna ya riga ya faɗa tun a sura 1 cewa 'ya'yan Allah ba ta jini aka haife su ba, ba kuwa ta nufin mutum ba. Saboda haka idan mai wa'azi ya girgiza ɗan fasto ya ce masa rigar babanka ba za ta shige ka ba, ya yi daidai.

Wannan girgizar ce ta kawo shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, lokacin da 'yan ikilisiya talakawa suka riƙa bin ƙauyuka suna waƙa suna wa'azi da Hausa. Ita ce kuma ta tashi a makarantu da jami'o'i bayan yaƙin basasa, a shekarun 1970, ta hanyar ƙungiyoyin ɗalibai Kirista. A daidai lokacin ne kalmar Turancin ta yi tashe a duniya, musamman a 1976 da Jimmy Carter yake neman shugabancin Amurka ya fito fili ya kira kansa da ita. Daga nan ta shigo bakin kowa, har ta zama "bon-agen" a kasuwar Sabon Gari.

Matsalar ita ce maganin ya koma irin cutar. An yi yaƙi da masu dogara ga katin baftisma, sai aka haifar da masu dogara ga ranar fitowa gaba. Dā mutum yana cewa "ai ni an yi mini baftisma", yanzu yana cewa "ai ni na ɗaga hannu a taron shekara kaza". Duka biyun wani abu ne da ya faru sau ɗaya, aka ninke aka sa a akwati. Daga nan kuma kalmar ta zama sunan rukuni. Akwai Kirista, akwai kuma bon-agen, kamar fasinjan gidan gaba da na bayan mota. Wasu ma suka ƙara sharaɗi: sai ka yi magana da harsuna, sai mace ta cire 'yan kunne, sai ka bar ikilisiyar iyayenka ka koma tasu. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, da ya ce an sake haihuwarku, da dukan masu bi yake magana, bai ware wasu 'yan gaban goshi ba.

To, baftisma fa?

Wani abokina ɗan Katolika, da na ba shi labarin, ya ce ai mu muka jawo wa kanmu. A wurinsu amsar a bayyane take: ranar baftisma ce ranar sabuwar haihuwa, ko da jariri ne, domin Yesu ya ce ruwa da Ruhu, Bulus kuma ya yi wa Titus maganar wankan sake haihuwa. Angilikan na Wusasa da Lutheran na Numan su ma suna yi wa jarirai baftisma. Mu a ECWA, da Baptist, sai mutum ya yi hankali ya shiga ajin baftisma, ya ba da shaida, sannan a nutsar da shi. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har sau uku suke nutsarwa. Wannan saɓani ya girmi dukanmu. Tun 1525 aka fara shi gadan-gadan a birnin Zurich, kuma an kashe mutane a kansa. Ba ni zan raba wannan gardama ba.

Abu ɗaya na gaya wa abokina: akwai hikima a matsayinsu, domin jaririn da ake zuba wa ruwa ba ya iya fahariya cewa shi ya yi wani abu. Amma Ayyukan Manzanni sura 8 tana nan. Siman mai sihiri ya ba da gaskiya, an yi masa baftisma, bai daɗe ba ya ciro kuɗi zai sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. A sura 10 kuma Ruhu ya sauko wa mutanen gidan Karniliyas tun ba a kawo ruwa ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya yi wa alkawarin Firdausi, bai ga ruwa ba sam. Abokina bai musa ba, ya ce su ma Fada, wato limaminsu, yana gaya musu kullum cewa baftismar da ba tuba a bayanta iri ne da ya faɗi a kan dutse. Ashe ta ƙofofi daban muka shigo, muka haɗu a ɗaki ɗaya.

Hali zanen dutse

Bahaushe ya yanke hukunci tun tuni: hali zanen dutse, ba mai shafewa. Mai hali ba ya barin halinsa. Mun ga isassun misalai da suka sa muka yarda da haka. To, iƙirarin Kiristanci a kan sabuwar haihuwa karo yake yi da wannan karin magana kai tsaye. A Ezekiyel sura 36 Allah ya yi alkawarin yayyafa ruwa mai tsabta, ya cire zuciyar dutse ya sa ta nama, ya sa Ruhunsa a ciki. Ba a ce za a goge zanen ba, dutsen ne gaba ɗaya za a ɗauke. Malamai da yawa suna ganin wannan nassin Yesu yake nufi da ruwa da Ruhu, shi ya sa ya yi mamakin yadda malamin Isra'ila bai gane ba.

Idan haka ne, wurin da za a duba shi ne wurin da zanen yake dā. Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya shiga gidansa, bai tsaya ba da shaida mai daɗi ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. A falkaswar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu zuwa Uganda da Kenya, abin da ya sa mutane suka san wani abu ya faru shi ne masu tuba sun riƙa mayar da kayan da suka sata, suna neman gafarar waɗanda suka zalunta a bainar jama'a.

Mu fa? Ina da maƙwabcin shago a dā, motarsa duk ayoyi ne manne, wayarsa in ta yi ƙara waƙar yabo ce. Mudunsa na saye daban, na sayarwa daban. Yarinyar da ke masa aiki wata uku ba albashi. Ya san ranarsa sarai, yana ma yin bikinta. Wannan shi Hausawa ke kira tuban muzuru, ana tuba kaza na baki. Wasiƙar Yohanna ta fari ba ta yi wa irinsa sassauci ba: wanda ya ce yana ƙaunar Allah yana ƙin ɗan'uwansa, maƙaryaci ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce na mayar da ceto ya zama na ayyuka, alhali Afisawa sura 2 ta ce ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Ban mayar ba. Kukan jariri ba shi ke haifar jariri ba, amma ungozoma kukan take jira. In shiru ya yi yawa, hankalin kowa a ɗakin yakan tashi. Ayar da ke bin wancan nassin ma cewa ta yi an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

Za a kuma ce, ai akwai masu halin kirki da ba Kirista ba. Ƙwarai kuwa. Maƙwabtanmu Musulmi da suka cika rumfar makokin nan, akwai waɗanda amanarsu ta fi ta wasu dattawan ikilisiya, kuma ba na jin nauyin faɗa. Kyan hali kaɗai ba shi ne sabuwar haihuwa ba a koyarwarmu, domin tana tattare da dogara ga Almasihu. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta: wanda ya ce an sake haihuwarsa, shekara ashirin babu abin da ya motsa a harshensa, ko mudunsa, ko yadda yake bi da matarsa, kada ya nuna mini kalanda. Ban ce ya zama marar zunubi ba. Jariri yana faɗuwa sau ɗari kafin ya iya tafiya, amma wanda ya shekara ashirin a kwance yadda aka ajiye shi, dole a tambayi lafiya.

Gwaggo

Mahaifina ya sha ba mu labarin yayarsa a zamanin ƙuruciyarta. Dahuwar burkutu ce sana'arta, bakinta kuwa ko maza suna shakkarsa. Tsakaninta da facalarta akwai gabar da ta kai shekara goma, a kan iyakar gona da wata magana da aka yi a bakin rijiya. Ba sa gaisawa, ba sa cin abincin juna.

Da masu wa'azi suka fara zuwa ƙauyen, waƙoƙin ne suka ja ta. Takan tsaya daga nesa. Daga baya ta fara zama a bencin baya. Ba wanda ya tuna ranar da ta fasa tukwanen giya, domin ba ta fasa ba, a hankali ta rage har ta koma yin daddawa. An yi mata baftisma a rafi da rani, ita dai abin da take tunawa shi ne ruwan da sanyi. Ta koyi karatu a ajin mata tana da jikoki, tana bin layi da yatsa.

Shekarar da facalar ta kwanta ciwon ajali, Gwaggo ce ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Da matar ta rasu ta bar yara uku, Gwaggo ta haɗa su da nata a tukunya ɗaya. Babban cikinsu shi ne ya tsaya a bakin kabari ran nan ya kasa magana. Bakin nata bai mutu gaba ɗaya ba, kada in yi mata ƙarya, har ta tsufa in ta yi maka faɗa sai ka ji a ƙashinka. Amma kafin rana ta faɗi za ka gan ta tafe da ƙwarya a hannu, ta zo ba da haƙuri.

Duk wannan na gaya wa ɗan ƙanwata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, kai fa? Kana da rana?"

Na ce ina da har guda uku. Na fita gaba a taron ɗalibai ina aji biyu na sakandare, na sake fita bayan shekara biyu don ban tabbata na farkon ya kama ba, na kuma fita na uku a wani babban taro a Kaduna saboda mai wa'azin ya ce duk mai shakka ya taso. Na ce ya zaɓar mini ɗaya.

Ya yi dariya, amma bai sallama ba. Ya ce zai tambayi shugaban zumuntarsu in ya koma Zariya, kuma da hutun Kirsimeti zai zo mini da amsa.